Ludayi Biyu na Kwalbar Bature

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in kamo, amma akwai wata Larabar bazara da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen Matameye ba za su bar ni ba. Gara in ba da labarin da bakina, tunda waɗanda suke ba da shi a kasuwa sun ƙara masa ƙafafu da wutsiya.

Ni ban gaji fatauci ba. Ubana manomi ne a Tsauni, abin da ya bar mini fartanya ce da wani jaki mai taurin kai. Da jakin nan na fara: in ɗauko rake da lemun tsami daga lambunan fadama in kai kasuwar Kance, in juyo da kanwa da gishiri. A hankali jaki ya zama uku, uku suka zama garke, har na gina gida a Matameye mai babban zaure da rijiya da wurin ɗaure dabbobi. Na zama fatoma, wato mai saukar da fatake, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye. Ƙaramin fatoma dai, na masu jaki biyar ko shida.

Dokoki biyu na riƙe tun ina saurayi, kuma su suka kawo ni inda na kai. Ta farko, ba na ba mutum abin da ban ɗanɗana ba, ko na sayarwa ne ko na kyauta. Ta biyu, abin da baƙo ya ɗauko a cikin kayansa, a cikina yake kwana, ko matata ba ta ji. A ranar da nake ba ku labari, dokar farko ta kusa cinye ta biyu.

Abin ya faro ne wata biyu kafin nan. Wani Bature ya biyo ta garinmu daga wajen Kano, zai nufi Damagaram. A lokacin ba a san mulkinsu ba, ganin Bature abin hawa katanga ne a leƙa. Masassara ta kayar da shi a hanya, aka ce a sauke shi a gidana tunda ina da ɗaki a buɗe. Kwana shida ya yi. Shi kansa ban sami abin kallo da yawa a wurinsa ba, yana kwance yana rawar sanyi, jikinsa ja kamar an fige kaza. Wanda ya ɗauke mini hankali shi ne mai dafa masa abinci, wani dattijo dogo daga bakin teku, da muka sa wa suna Dogo don sunansa na gaskiya ya ƙi zama a bakinmu. Hausarsa ta bakin kogi ce, a karkace take amma tana kai saƙo.

Kowace yamma kafin rana ta faɗi, Dogo zai zo ya sayi lemun tsami biyu a wurina, ya zauna a gindin randa, ya fito da wata kwalba daga akwati. Ni kuwa mutum ne da ba na iya ganin ana aiki da hannu in wuce. Rana ta biyu na jawo buzu na zauna kusa da shi.

Da farko sai ya ɗora lemon a kan faifai ya murza shi da tafin hannu.

"Me ya sa kake wahalar da shi?" na tambaya.

"In ba ka murza ba, ruwan yana ɓuya," in ji shi.

Ya yanka biyu, ya matse a ƙoƙo, amma bai matse har ƙarshe ba. Na nuna masa akwai saura. (Shekara ashirin ina sayar da lemo, ba na son in ga an jefar da mai sauran ruwa.) Ya girgiza kai, ya ce na ƙarshen nan na ɓawo ne, ɗaci gare shi, yana ɓata aikin duka. Sai ya fasa ɗan sukari irin na Larabawa, wanda ake kawowa a dunƙule, ya zuba a ruwan lemon, ya yi ta juyawa har ya narke.

"Sukari a cikin lemo tukuna," ya ce. "In ka zuba shi a cikin na kwalba, sai ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Su biyun ba sa shiri sai lemo ya shiga tsakani."

Na ce a raina, ashe lemun tsami dillali ne. Daga nan na ƙara son abin.

Yana da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, bai fi rabin ƙwan zabo ba. Da shi yake awo: biyu na kwalba, ɗaya na lemo, rabi na sukari. Ya juye su a gorar ƙarfe, ya ƙara ruwan ƙasan randa mai sanyi, ya toshe, ya yi ta girgizawa a saitin kafaɗarsa har sai da ya ce hannunsa ya ji sanyin. Ya tace da farin ƙyalle, ya yanka lemo siriri ya jefa a kai. Ya ce a ƙasar su Bature ƙanƙara ake sawa, har a tsakiyar zafi. Wannan na ɗauke shi ƙarya irin ta matafiya.

"Mene ne a kwalbar?" na ce.

"Rom."

"Da me ake yin sa?"

"Ruwan rake."

"Rake kawai?"

"Rake kawai. A dafa, a ajiye, ya daɗe."

Akwai tambaya ta huɗu. Ta zo ta tsaya a kan harshena, na ji nauyinta sarai, na haɗiye ta. Na gaya wa kaina cewa giya ai na san ta, na gan ta a ƙauyukan da ba sa salla: ta dawa ce, a gurɓace take, tsaminta yana tarar mutum tun daga bakin gari. Wannan kuwa ga ta garau kamar man shanu da aka narka, ƙamshinta na raken da aka manta a rana. Rake kuma ni na san shi, a bayan jakina na yi arziki da shi. Ban da haka, na ga aikinta da idona. Bature yana sha sai gumi ya keto masa, ya ɗan yi waƙa ƙasa-ƙasa, ya yi barci. A rana ta shida ya miƙe ya hau doki. In wannan ba magani ba ne, mene ne magani?

Ranar da za su tashi, na lura ƙafafun Dogo duk sun tsage, takalmansa sun mutu tun a hanya. Na kawo masa takalmi sabo na fatar sa da jakar fata mai ado. Ya duba hagu da dama, ya zaro kwalba guda cikakka ya tura mini ƙarƙashin buzu. Yadda ya duba hagu da daman nan ma ya isa ya gaya mini wani abu. Na ce wa kaina tsoron maigidansa yake ji.

Mai ɗakina Kande ta cire toshiyar ta sansana, ta mayar da sauri.

"Maigida, wannan abin ban yarda da warinsa ba."

"Magani ne."

"To Allah ya sa kada ka yi ciwon da zai sa ka sha."

Na sa kwalbar a can cikin rufin ɗaki. Wata biyu tana nan, kuma ba ranar da ban ɗaga ido na dube ta ba.

Sai ga labari ya zo cewa ayarin Madugu Isiyaku ya doso. Shi ne babban madugun goro da ke biyowa ta wajenmu daga Gwanja, jakunansa in sun shigo gari sai an kauce musu tun daga ƙofa har kasuwa. Fatomansa na shekara da shekaru ya rasu da damina, don haka bana zai zaɓi sabon masauki. Gida biyu ne kawai suke da wurin da zai ɗauke shi: nawa da na Ɗan Iro. Wanda Madugu ya sauka a gidansa ya zama babban fatoman Matameye, shi da 'ya'yansa. Wanda bai samu ba ya ci gaba da masu jaki biyar. Shekara goma ina gyara gidana saboda rana irin wannan.

Madugu ya yada zango a bayan gari, ya ce zai duba gidajen biyu. Ranar Talata ya je na Ɗan Iro, aka yanka masa rago, aka dama fura da nono. Laraba tawa ce. Na zauna na yi tunani irin na ɗan kasuwa: daga Gwanja zuwa nan, rago nawa Madugu ya ci? Fura kuwa kowace ƙofa akwai ta. Abin da zai tuna shi ne abin da bai taɓa sa wa a baki ba. Ga shi kuma mutanensa kullum da masassarar kurmi suke dawowa. Fatoman da ke da maganin masassara a rufin ɗakinsa, wa zai wuce shi?

Na roƙi Malam Habu, limamin unguwarmu, ya rako Madugu ya yi mini shaida. Ya ce zai zo da shi kafin la'asar.

Na yi sallar azahar lafiya lau (wannan kam ina gode wa Allah da ita), na shiga zaure da lemun tsami cikin ƙwarya, da guntun sukari, da gyanɗama a maimakon gorar ƙarfe. Ƙoƙon Dogo ne ba ni da shi. Na ce awo ai awo ne, in dai biyu da ɗaya da rabi sun tsaya. Na ɗauko ludayin fura. Ban tsaya na lura ba cewa ludayin fura zai haɗiye ƙoƙon Dogo sau huɗu ya nemi ƙari.

Na murza lemo. Na matse, na bar na ƙarshen, ko da yake raina ya sosu. Na narkar da sukari a ciki. Ludayi biyu na kwalba, ruwan ƙasan randa, na toshe gyanɗama na girgiza, na tace da gefen sabon rawani. Ya fito da wani launi mai kyau, kamar ruwan tsamiya da aka tsinka sosai.

Sai dokar farko ta tashi. Ba na ba mutum abin da ban ɗanɗana ba. Kuma ni ɗanɗanona ba na tsoma yatsa ba ne, wanda ya san ni ya sani. Abu ba ya faɗin gaskiyarsa sai ya cika baki ya wuce maƙogwaro. Na cika ludayi.

Tsami ya yi yawa, har haƙorana suka mutu. Na ƙara sukari, na girgiza, na sake cika ludayi. Yanzu kuma zaƙi ya danne komai, ya zama abin yara. Na ƙara na kwalba. A ludayi na uku na ji abin da Dogo yake nema: tsamin ya fara gaisawa, zaƙin ya biyo baya, sannan wani ɗumi ya sauka a ƙirji ya bazu, kamar an shimfiɗa mini bargo daga ciki. Kunnuwana suka yi zafi.

A nan zan faɗi gaskiya, don ita ce dalilin labarin nan. A ludayi na ukun nan na sani. Ba wanda ya gaya mini, jikina ne ya amsa tambayar da na ƙi yi wa Dogo. Da na ajiye ludayin a lokacin, da labarin ya ƙare, da na aika an damo fura kamar kowa. Amma sai na ji ina son in san inda ɗumin nan zai tsaya. Ya kai ƙirji, zai kai gwiwa? In an rage ruwan randa, yaya zai zama? In an bar ɓawon ya jiƙa a ciki fa? Na ce wa kaina bincike nake yi, ɗan kasuwa dole ya san kayansa.

Ya kai gwiwa. Ya kai har yatsun ƙafa.

Can na ji muryar Kande daga bayan zana.

"Maigida, baƙin sun iso ne?"

"Tukuna."

"To da wa kake magana?"

"Da lemo," na ce. Kuma gaskiya na faɗa. Ina yi masa bayanin yadda aikinmu ɗaya ne, ni da shi.

Sai ta ce, "Bari in damo fura ko da za a nema."

"Ba za a nema ba."

Ana haka na ji sallama. Malam Habu ne a gaba, sai Madugu Isiyaku, gajeren mutum mai furfura da ƙananan idanu da ba sa barin komai ya wuce. A bayansu kuma ga Ɗan Iro, wai ya biyo ne ya gaishe ni. (Ya zo ya ƙirga mini tabarmi ne, na sani, ni ma da na sami hanya ranar Talata da na je na ƙirga nasa.)

Na tare su da murnar da ban taɓa yi wa kowa ba. Na gaida Madugu, na tambayi hanya, da gajiya, da iyali, da jakuna. Muka zauna. Sai na ga kamar gaisuwar ba ta isa ba, na sake ta daga farko. Da na fara ta uku, Malam Habu ya yi gyaran murya.

"Lafiya dai ko, mai gida?"

"Lafiya ta yi yawa ma, Malam."

Ni mutum ne da aka sani da ƙarancin magana. A wurin ciniki nakan bar mutum ya yi ta zuba har ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ranar nan sai na ji duk maganar da na tara shekara ashirin tana neman ƙofa. Na juya wurin Ɗan Iro cikin ƙauna.

"Ragon da ka yanka wa Madugu jiya, ya tauna kuwa? Na san ragon nan. Ni na sayar maka da shi, kuma a lokacin ma ya girmi ɗanka na biyu."

Ɗan Iro ya yi murmushin da ba ya kai ido. Madugu ya sunkuyar da kai yana shafa gemu.

"Kai kuma Madugu," na ce, "goronka na bara, na saman huhu ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba. Ba laifi ba ne. Ni ma haka nake jera albasa."

"Haka ne?" in ji Madugu.

"Haka ne. Malam kuwa, Allah ya ƙara ilimi, in kana karatu bayan asuba ka ga na rufe ido ina kaɗa kai, kada ka ɗauka karatun ne ya ratsa ni."

Ba wanda ya ce uffan. Ni kuma na ɗauki shirun nan alamar sun ƙagu su ga abin da na tanada. Na miƙe da gyanɗama, na ɗaga ta saitin kafaɗa kamar yadda Dogo yake yi, na shiga girgizawa. Dogo hannunsa kawai ke motsi. Ni an ce har ƙuguna ya shiga aikin. Ina yi ina koya musu: a murza tukuna, kada a matse har ƙarshe, sukari a cikin lemo, biyu da ɗaya da rabi. Na ce musu maganin masassara ne daga ƙasar da ake ajiye ƙanƙara a bazara.

Na tace a sabon ƙoƙo, na jefa yankan lemo a kai. Al'adarmu kun san ta: mai gida ya fara kurɓa a gaban baƙo, don a san ba a sa komai a ciki ba, sannan ya miƙa wa babba. Na kurɓa (kurɓar ta ɗan yi tsawo), na durƙusa, na miƙa wa Malam Habu da hannu biyu.

Bawan Allah ya karɓa. Ya yi bisimilla. Ƙoƙon ya kusa leɓensa sai Madugu ya miƙa hannu ya riƙe masa tsintsiyar hannu.

"Gafarta Malam, dakata kaɗan."

Ya karɓi ƙoƙon, ya kai hanci sau ɗaya, ya ajiye shi a ƙasa nesa da tabarma. Ya ce in nuna masa kwalbar. Na nuna masa da alfahari. Ya ɗaga ta a haske, ya ga inda ruwan ya tsaya, ya dube ni.

"Nawa ka sha?"

"Ban sha ba. Ɗanɗanawa na yi."

"To." Ya gyara zama, muryarsa a kwance kamar muna hira a bakin rijiya. "Na ji an ce wani mutumin Yauri ya bar kaya a ɗakinka tun kaka, ya ce zai dawo. Me ke ciki?"

Kowane fatoma ya san tambayar nan, kuma ya san amsarta: kaya ne, Madugu. Sau nawa aka gwada ni da ita ina murmushi. Amma ranar nan sai na ga rowa ce a ɓoye wa mutumin kirki irin wannan abu mai ban sha'awa haka. (Ba zan gaya muku abin da ke ciki ba. Mai kayan ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan.) Na buɗe baki, sai na ga faɗa ma ba zai isa ba.

"Bari in ɗauko maka ka gani da idonka," na ce.

Na miƙe da sauri. Zauren da na gina da hannuna, wanda na san kowace kusurwarsa, ya juya ya koma gefe. Na kai hannu in kama ginshiƙi, ginshiƙin ya matsa. Na yi baya taku uku, na zauna a cikin randa. Randar da ta shekara goma tana sanyaya wa baƙina ruwa ta buɗe biyu, ruwan ya kwaso ya bi ta ƙarƙashin buzun Malam, ya wuce ya tarar da Ɗan Iro. Ni kuwa ina kwance a cikin fasasshiyar randa, ƙafafu a sama, ludayi na nan a hannuna ban sake shi ba. An ce abin da na fara cewa shi ne, "Tsamin ya ɗan yi yawa, ko?"

Madugu ya juya wurin Malam.

"Barasa ce, Malam. Na gan ta a Eko. Masu jiragen ruwa ke shanta, da lemun tsami kamar haka. Daga rake ake yin ta."

"Rake kawai," na ce daga ƙasa, don a tabbatar da gaskiya.

Malam Habu bai yi faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya dubi hannunsa da ya riƙe ƙoƙon, ya goge shi a hankali a jikin rigarsa. A daidai lokacin ladan ya kira la'asar. Suka miƙe. Ni ma na rarrafo na jawo buta, na fara alwala. An ce ƙafar dama na wanke sau uku, na koma na sake wanke ta, ta hagu ban kula ta ba. Maƙwabta masu wucewa masallaci suka fara tsayawa a ƙofar zaure, ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya sunkuyo, ya karɓe butar daga hannuna, ya yi magana a hankali, amma zauren ya yi tsit har na waje suka ji.

"Zauna. Yau ba ka cikin sahu."

Tun da na gina gida a unguwar nan ba a taɓa tsayar da salla ina gari ba na cikin sahu ba. Duk abin da ke kaina bai hana maganar nan shiga ba. Na zauna a cikin laka ina kallon bayansu. Kande ta fito da furar da na ce ba za a nema ba, ta ajiye a gabana. Sauran kwalbar ta tuttular a ramin toka.

Washegari na tashi da kai kamar ana daka gero a ciki. Na rama sallolin da suka wuce ni, na tafi wurin Malam Habu tun kafin in iya haɗa ido da kowa. Na ce masa ban sani ba, magani na ɗauka.

"Wanda bai sani ba, Allah ba ya kama shi," ya ce. "A ludayi na nawa ka sani?"

Na yi niyyar in ce na ƙarshe. Na dubi mutumin da na kusa shayar da shi barasa da bisimilla a bakinsa.

"Na uku."

"Nawa ka yi?"

"Na daina ƙirgawa a bakwai."

"To biyu na rashin sani ne. Sauran naka ne, ka je ka tuba a kansu."

"Malam, ko biyun ma ban tabbata ba. Akwai tambayar da na ƙi yi tun ranar da na karɓi kwalbar."

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi. "Ka haɗa da su ke nan. Kuma gobe bayan asuba ka zauna a gaba, inda zan riƙa ganin idonka."

Daga nan na wuce gidan Ɗan Iro, don tun da safe an ga jakunan Madugu suna shiga can. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Mahauta suka bar nama suka bi ni da ido. Wani ya tambaye ni ko ina da labarin randa ta sayarwa. Na tarar da Madugu a zaure ana kwance huhunan goro ana yayyafa musu ruwa. Na gaishe shi, sau ɗaya. Na ba shi haƙuri a gaban kowa.

"Tambaya ɗaya," ya ce. "Da ba ka faɗi ba, da ka ɗauko mini kayan mutumin Yauri?"

Ɗan Iro ya daina abin da yake yi. Zan iya cewa wasa nake, ko kuma wani kaya dabam zan ɗauko. Madugu ba shi da hanyar ƙaryata ni.

"Da na ɗauko," na ce. "Da na kwance maka shi har ƙasa. Randa ce ta riƙe amanar nan, ba ni ba."

Ya yi dariya har sai da ya goge ido da gefen rawani.

"Bana dai a nan na sauka, kuma ba zan tashi ba. In na kwana gidanka yanzu, kafin in kai Damagaram an ce Madugu Isiyaku kwalba yake bi. Amma na daɗe ina neman mutumin da zai faɗi laifinsa alhali yana da wurin ɓuya. Ka riƙe gidanka. In na dawo na tarar ba a sake jin ka ba, mu yi magana."

Badi ma bai sauka a gidana ba, Ɗan Iro ya sake samu. Shekara biyu ina kallon jakunan nan suna wuce ƙofata, yara kuma suna kirana Mai Randa, sunan da har yau bai sake ni ba. A shekara ta uku, wata ranar bazara, na ji kukan jakuna ya tsaya a ƙofar gidana bai wuce ba. Daga nan har ya daina tafiya, a wurina yake sauka.

Abin da Dogo ya koya mini ban yar da shi duka ba. Har gobe baƙon da ya shigo zaurena da zafin rana, ana murza masa lemo, a bar na ƙarshen, a narkar da sukari ko zuma a ciki, a girgiza da ruwan ƙasan randa. Ludayi biyun nan ne kawai babu. Kwalbar tana ɗakin Kande, man kitso take zubawa a ciki. Madugu kuwa, duk shekara in na durƙusa zan yi kurɓar mai gida kafin in miƙa masa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce, "Sau ɗaya, fatoma. Na yarda da kai."

Dokokina sun zama uku tun daga ranar. Har yanzu ina ɗanɗana duk abin da zan ba mutum, har yanzu kayan baƙo a cikina suke kwana. Amma in an kawo mini sabon abu, na yi tambaya uku na ji daɗin amsa, sai in tsaya in laluba ko akwai ta huɗu da nake ƙoƙarin haɗiyewa. In akwai, ita nake fara yi kafin in ɗauko ludayi.